Baƙi Biyu a Gefen Sunan Baba

A bazarar farko bayan soja sun karɓi mulki, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Boɗinga. Shekarata ashirin da huɗu, ban yi aure ba, ina kwana a wani shago bayan kasuwa. Iyayena suna Dingyaɗi. Baba manomi ne, da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, don haka tun kafin zafi ya yi tsanani Inna ta fara share gindin rumbu da tsintsiya. Hatsi ya yi wuya, man mota ya yi wuya, sabulu ma sai ka san wani. Shi ya sa da Baba ya cire albasarsa bai tsaya jiran dillalai ba. Ya ɗora buhunansa a wata a-kori-kura mai zuwa wajen Tambuwal, da niyyar ya sayar can ya sayo hatsi.

Ranar Laraba ce. Na idar da azahar ke nan wani mai keke ya yi sallama a ƙofar shagona, ya ce motar da Baba ya shiga ta faɗi gab da shiga Shagari, taya ce ta fashe. Na tambaye shi ko akwai rai. Ya ce shi ma ji ya yi a tasha, an ce an kwashe mutane zuwa ɗakin shan magani na garin.

Hedimastanmu ya ba ni aron babur ɗinsa, ya girgiza tankin a gabana don in ji yadda man ya rage. Na isa Shagari rana ta fara sanyi. Na wuce motar a gefen hanya, tayoyinta a sama, albasa ta watse har cikin gonaki, awaki suna shinshinawa suna wucewa. Ɗakin shan maganin yana can gefen gari, ɗaki biyu da rumfa. Na same shi a kulle. Akwai jini a siminti ƙarƙashin rumfar, ƙuda sun rufe shi. Wani tsoho mai sharar wurin yana zaune a gindin dogon yaro, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya ce daga maƙabarta yake, mutum biyu aka rufe. Ya faɗa mini garuruwansu, babu na Dingyaɗi.

"To ina sauran?" na tambaye shi.

"Ni dai tun da anka ce a gina kabari nit tahi. Da nid dawo ban iske kowa ba. Malam ya bar takarda, ga ta can ga ƙohwa."

Malamin da yake nufi shi ne disfensa, mai ba da magani a wurin. An ce ya kulle ya tafi birni, an kira shi kan maganar aikinsa. Takardar kuwa shafi ne da aka yago daga rajista aka manna a ƙofa da filasta. Sunaye goma sha ɗaya ne, an rubuta su da sauri. A gefen biyu an sa "ya rasu". A gefen wasu an sa "Sakkwato", wasu kuma "gida". Sunan Baba shi ne na tara. A gefensa babu komai sai baƙi biyu na boko: B.D.

Ban yi dogon tunani ba. Haka muke gajarta Boɗinga a kan buhuna da akwatunan littattafai idan aka aiko su makaranta. Na ce a raina an kai shi asibitin garin da na baro, wataƙila mun yi saɓani a hanya. Na kwafe sunayen duka a bayan littafin darasina, na hau babur na juya. Man ya ƙare ina hango itatuwan Boɗinga, na ƙarasa da turi.

Baba ba ya can. Nas ɗin da na samu, wata mata mai ƙiba da tabarau, ta duba ɗakunan biyu tare da ni, ta buɗe rajistarta ta nuna mini cewa ba a kawo kowa daga haɗari ba ranar. Na nuna mata abin da na kwafo. Ta ɗan yi murmushi.

"Malam, wannan ai ba Boɗinga ba ne. Mu a aikinmu idan an rubuta haka, magani ake nufi, a sha sau biyu, safe da yamma. Ka ga ke nan an duba shi, an ba shi ƙwaya, an sallame shi. Wanda ya mutu ba a rubuta masa safe da yamma. Je ka gida, za ka same shi."

Na yi mata godiya har sau uku. Da asuba na hau keke na nufi Dingyaɗi, ina shirya faɗan da zan yi wa Baba a kan shiga mota mai lodin da ya wuce kima.

Tun daga zaure na gane bai dawo ba. Baffa, ƙanen Baba, yana zaune da maza huɗu, kowa ya zuba mini ido. Na shiga cikin gida. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban fuskata idan tana magana. Tana tsugune tana wanke ƙwarya, ta ce da ƙwaryar, "Mi anka ce?"

Na ce mata an rubuta masa magani, safe da yamma, alamar yana da rai, wataƙila ya kwana gidan wani a Shagari ne saboda rashin mota. Ta ce alhamdu lillahi. Ta tashi ta dama fura ta ajiye masa a ɗakinsa, ta rufe da faifai.

Ranar nan ni da Baffa muka bi gidajen Shagari da muka san Baba yana da mutane, gidan wani abokin cinikinsa, gidan wata gwaggonsu da ta yi aure can, har makarantar allo ta wani malami da suka yi karatu tare. Babu wanda ya gan shi. Mutanen gari duk wurin motar suka taru ranar, babu wanda ya tsaya a ɗakin shan magani ya ga yadda aka ƙare. Wani mai shayi ya karɓi littafina ya juya shi, ya ce wataƙila farkon sunan wanda ya ɗauke shi ne. Muka zauna a bencinsa muna lissafa mutanen garin da sunansu ya fara da waɗannan baƙaƙe, muka je gidan biyu daga cikinsu. Ɗaya makaho ne, ɗaya ya yi wata uku a kudu.

Ranar Juma'a muka shiga Sakkwato. A wani babban asibiti muka sami maƙwabcinmu da suka shiga motar tare, ƙafarsa a rataye. Ya ce shi ne ya ba disfensa sunan Baba a bakin hanya, kafin a sa shi a wata ƙaramar mota da ta fara tsayawa.

"Na baro shi kwance ga ƙasa, ana neman amalanken da za a kai shi," in ji shi. "Shina numfashi. Amma jini na hita ga kunnenai, kuma bai amsa kira. Ni ban ce ku sa rai ba, ban ce ku hidda ba."

Muka bi ɗakunan maza gado gado. Mutane a kwance har a ƙasa, 'yan uwa suna yi musu fifita da kwali. Babu Baba. Daga nan aka tura mu wurin akawun da ke riƙe da rajistar waɗanda aka kawo. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba littafina, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya tambaye ni ko ni ne ɗan mai sunan. Ya jawo mana kujeru.

Ya ce gaskiya ne ana rubuta baƙaƙen nan don magani, amma a kan katin magani ake rubuta su, tare da sunan ƙwayar. Idan aka gan su a gefen sunan mutum cikin jerin waɗanda suka yi haɗari, to gajarta wata magana ce ta Turancin asibiti, ma'anarta an kawo shi ya riga ya cika.

Na ce ba zai yiwu ba. Na nuna masa sunaye biyun da aka rubuta musu "ya rasu" da Hausa ƙarara. In da Baba ya rasu ai haka za a rubuta masa.

"Waɗancan a hannunsa suka cika," in ji akawun. "Wannan kafin a iso da shi ne. A wurinmu akwai bambanci. Ban ce na tabbata ba, ɗana. Abin da na sani nake faɗa maka."

Ya raka mu da kansa zuwa ɗakin ajiye gawa. Mai kula da wurin ya ce ranar Laraba da yamma an kawo wani dattijo daga wannan hanyar, babu suna, babu kowa tare da shi. Babu wutar lantarki, ga zafi, don haka ranar Alhamis aka yi masa sutura aka kai shi. Na tambayi kamanninsa. Ya ce dogo ne, siriri, da furfura a gemu. Na tambaya ko yana da tabo a goshi, ko babban yatsansa na hagu a lanƙwashe yake. Ya ce fuskar ta kumbura, yatsu kuma bai duba ba. Rigar fa? Shuɗiya ce ko fara da ta yi dauɗa, ba zai iya rantsewa ba.

A bakin ƙofar asibitin Baffa ya tsaya ya karanta inna lillahi, ya share fuskarsa da hannun riga. Na ce masa rabin tsofaffin ƙasar nan dogaye ne sirara masu furfura. Ya ce, "Kai ad da boko, kai ka ji abin da mai boko yac ce. Kwana ukku mutum mai rai bai aiko ba? Kada mu hana mishi addu'a don son ranmu."

Ni na faɗa wa Inna. Ni da na ce mata safe da yamma, ni na koma na ce mata an kawo shi ya riga ya cika. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗakin Baba ta fito da ƙwaryar furar, wadda take sake damawa kullum, ta miƙa wa yaran maƙwabta. Kafin magariba mata sun cika gidan. Ta cire 'yan kunnenta da awarwaro, ta shiga takaba.

Aka yi zaman makoki a ƙofar gida. Mutane suna zuwa daga ƙauyuka, suna cewa Allah ya jiƙansa, ina cewa amin. Kowane amin sai in ji kamar na tura shi rami da hannuna. Idan na ƙi cewa kuma, sai in ga kamar na hana shi abin da ya fi bukata. Abinci ya ƙi shiga. Ina zaune a tabarma, littafin darasin yana cikin aljihuna, da mutane sun ragu sai in fito da shi in duba baƙaƙen, ko na kwafe su ba daidai ba, ko D ɗin nan O ce, ko B ɗin nan takwas ce. Na koma Shagari a keke don in sake duba takardar da idona. Iska ta riga ta yage ta, saura filasta da ɗan kusurwa. Tsohon mai shara ya ce malam bai dawo ba har yau.

Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, aka fara maganar wanda zai yi sharar gonar Baba kafin ruwa. Ya kamata in koma makaranta. Na je, na tsaya gaban allo, na rubuta kwanan wata, na kasa ci gaba. Hedimasta ya leƙo ya gan ni, ya ce in tafi, zai haɗa ajina da na biyar, amma in sani ana sallamar ma'aikata ko'ina, kada in daɗe a zo a tarar ba na nan.

Maganarsa ce ta sa na sake komawa Shagari. Wannan karon na tambayi tsohon ko maganar aikin da aka kira malam a kanta sallama ce. Ya ce haka ya ji, an ce sunansa ya fito, shekaranjiya ma ya aiko an kwashe masa tabarma da buta. Na ce ina garinsu? Ya ce Mandera.

Na same shi a gona da hantsi, yana tara karan bara yana ƙonawa. Ba tsoho ba ne, bai fi arba'in ba, da singileti da tsohon wandon kakin aiki. Na gaishe shi, na ce ni ɗan ɗaya daga cikin mutanen motar albasa ne. Fuskarsa ta canja, ya ɗauka ƙara na kawo. Ya fara cewa ba shi da ko bandeji ranar, da rawanin wani ya ɗaure raunuka, shekara goma sha bakwai yana aiki ga abin da aka saka masa da shi. Na bar shi ya gama. Sannan na buɗe littafin na nuna masa.

"Malam, don Allah, mi kaka nuhi da wanga?"

Ya karɓa ya nisanta shi da idonsa. "Wanga ai lambar mota ta."

Ban gane ba. Ya ce bayan ƙananan motoci sun kwashe masu sauƙi zuwa Sakkwato, saura mutum biyu da suka fi jin jiki, ga shi a lokacin babu wata mota mai zuwa birni, kowa yana tattalin mai. Sai ga wata babbar mota ta 'yan kudu, ta yi lodin albasa za ta koma. Ya tsaya a tsakiyar titi ya tare ta. Direban ba ya jin Hausa sosai, amma da ya ga mutanen ya yarda zai sauke su a asibitin farko da ya samu likita a hanyarsa. Aka shimfiɗa su a kan buhuna. Sai da motar ta tashi ya tuna bai ɗauki lambarta ba, ya bi ta da gudu, abin da ya iya gani kawai baƙi biyun farko, na jihar Bendel. Su ya rubuta. Ya yi niyyar ya ƙara bayani idan ya dawo daga birni, sai ya tarar da takardar sallama tana jiransa.

"Shina da rai sa'ad da kunka ɗora shi?"

"Shina da rai. Abin da yab biyo baya Allah ka sani."

Na zauna a kan kunyar gonar, cikin toka. Na ce masa mun yi sadakar bakwai, uwata tana takaba. Ya ajiye manjagara ya dafe kansa da hannu biyu. Ya ce ya ɗauka kowa zai gane, ai duk wanda ke zaune a bakin titi ya san lambar motocin nan. Na so in zage shi. Na kuma tuna shi kaɗai ya tsaya a gaban motar. Ban zage shi ba, ban kuma gode masa ba, abin da har yau yake damuna.

Baffa bai ji daɗin labarin ba. Ya ce kwana goma ke nan, mutumin da jini ke fita ta kunnensa, a kan buhunan albasa cikin wannan rana, in bar matar nan ta yi takabarta cikin natsuwa, kada in tashe ta in sake kayar da ita. Ya ce in je in duba in ina so, amma kada in faɗa mata. Na ƙi. Na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗi duk abin da disfensa ya ce.

Ranar ce ta fara dubana ido cikin ido tun da na yi wayo. Ta ce, "Ka gan shi da idonka, ko wata takarda ta kuma?"

Na ce ban gan shi ba.

"To in ka gan shi ka zo ka hwaɗa min." Ta ja mayafinta ta juya.

Na tafi da safe a saman wata motar albasa, ni da wasu fatake. Duk garin da ke da asibiti sai in sauka in tambaya, in jira wata motar. A wuri biyu masu gadi suka tuna da babbar motar. Sun ce ta tsaya, babu likita ranar, ta wuce. Hakan ya nuna mini disfensa bai yi ƙarya ba, ya kuma nuna mini tsawon tafiyar da aka yi da Baba a rana. Kwana biyu na yi a hanya. Ban taɓa wuce Jega ba sai lokacin. Ƙasa ta canja, itatuwa suka yi yawa, Hausar mutane ta fara yi mini wani iri.

A wani asibiti can wajen Yawuri, da na ce mutum biyu da motar 'yan kudu ta kawo, wani lebura mai tura gado ya ajiye bokitinsa ya ce in biyo shi. Na ji tsoron tambayarsa. Muka bi ta wata doguwar baranda. Ban san ko ɗakin marasa lafiya za mu ba ko bayan asibiti.

Baba yana gado na ƙarshe kusa da taga. Ban gane shi ba sai da na ga babban yatsansa na hagu. An aske rabin kansa, an ɗaure haɓarsa da bandeji har saman kai saboda muƙamuƙinsa ya karye, hannunsa na dama yana cikin filasta. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗaga hannun hagu ya kama gefen rigata ya riƙe. Ba ya iya magana. Na durƙusa na kifa kaina a ƙarfen gadon, na yi kukan da ban yi ba a zaman makokinsa.

Leburan ya ce kwana biyar Baba bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya nemi takarda da hannu, ya rubuta sunan garinmu da ajami, da hagu, rubutun duk a karkace. Shi leburan ya karanta, ya rubuta wasiƙa ya ba wani direba mai zuwa Sakkwato. Wasiƙar ta iso Dingyaɗi mako guda bayan mun dawo gida. Shi ne kuma yake ba Baba kunu da cokali ta gefen baki, daga abin da matarsa ke dama wa 'ya'yansu.

Sai bayan kwana shida likita ya yarda mu tafi. Na aika da saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa da na sani, na ce a faɗa wa Inna na gan shi da idona. Baffa ya ce da saƙon ya iso ta saurara, ta ce to, ba ta kuma fita daga takabar ba. Sai da aka shigo da Baba tsakar gida a kan tabarma, ta fito ta tsaya a kansa, ta duba, sannan ta koma ɗaki ta yi wanka ta sa zanenta mai launi. Mutanen da suka zo ta'aziyya suka sake zuwa barka, wasu suna jin kunyar haɗa ido da shi. Ya rayu shekara tara bayan haka. Hannun bai ƙara riƙe fartanya ba, kunnen hagu kuma ya toshe, amma magana ta dawo.

Da maganar ta dawo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai hular. Ranar da za mu baro asibitin leburan ya ba ni wata hula da ɗan zoben azurfa a ƙulle cikin tsumma. Na mutum na biyu ne, wanda aka ɗora su tare. Shi bai kai kwana biyu ba ya cika, ba a san sunansa ba, ma'aikatan asibitin suka yi masa sutura. Sunansa ba ya cikin takardar disfensa ma, don babu wanda ya san shi a motar. Na ajiye ƙullin a akwatina na manta da shi cikin hidimar jinya. Baba ya ce mutumin a wata mararraba ya shiga, sun gaisa, ya ce daga Horo Birni yake, zai je neman dawa.

Ruwan farko ya sauka a makon, kowa yana gona, na hau keke na tafi Horo Birni. Na yi gaisuwa wurin mai gari na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juya hular a hannunsa, ya ce akwai gida biyu da ke neman mutum tun bazara, ɗaya an ce ya tafi cin rani bai aiko ba, ɗaya ya fita sayen hatsi. Ya sa aka kai hular gidan na biyu, ni ina biye.

Wata tsohuwa ce ta fito zaure, uwar mutumin. Ta karɓi hular ta kai ta kusa da idonta, ta juya cikinta, ta sa yatsa a wani wuri da aka yi wa ɗinki da baƙin zare. Ta zauna a ƙasa. Daga cikin gida na ji wata mace ta fasa kuka, yara suka kama. Su wata biyu suna zuwa tasha suna tambayar direbobi, ba su da ko takardar da za su nuna wa wani.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba tukuna. Ta tambaye ni ko an yi masa wanka. Na ce an yi. Ko an yi masa salla. Na ce an yi, mutum bakwai suka tsaya, wanda ya wanke shi ne ya faɗa mini. Ko na ga kabarin. Na ce leburan ya kai ni, yana bayan asibitin, an kafa dutse a wajen kai.

"Da inuwa wurin?"

Na ce babu, fili ne.

Ta gyaɗa kai. Ta sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya, ta jira har na sha. Sannan ta ce in sake faɗa mata sunan garin da kabarin yake, a hankali, don ta riƙe.